Ba mu karɓi kuɗinsu ba, amma fasfonsu yana ofishina

Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da harkar ma'aikata a masana'antar kawuna, ƙanen mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun ina yaro, shi ya biya mini makaranta, shi ya ɗora ni a wannan kujera. Bara aiki ya yi mana yawa muka rasa hannu, sai wani dillalin ɗaukar ma'aikata ya kawo mana mutum arba'in daga ƙasashen waje. Bai caje mu komai ba, ya ce shi dai a riƙa ba shi aiki. Kawu ya yi murna, ni ma na yi.

Mako uku da suka wuce ɗaya daga cikinsu ya yanke jiki ya faɗi a bakin inji, bayan ya yi kwana da kwanaki yana haɗa aikin rana da na dare. Ni na kai shi asibiti. A hanyarmu ta dawowa ya zaro wata takarda daga cikin leda ya nuna mini. Bashi ne ya ci da ruwa a ƙasarsu don ya biya dillali, kuma ya kai albashinsa na wata bakwai. Ya ce dukkansu haka suka biya, wasu har da jinginar gona, kuma albashin da aka faɗa musu a can ya fi wanda muke ba su. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

Fasfonsu duka yana cikin akwatin ƙarfe a ofishina, don dillalin ya ce in ba haka ba za su gudu. Na ɗan taɓa wa Kawu zancen, ya ce mu ba mu karɓi kuɗin kowa ba, ba mu taɓa riƙe albashin kowa ba, abin da ke tsakaninsu da dillali ba ruwanmu. Gaskiya ne ba mu karɓa ba. To me ya sa na kasa barci? Ina da laifi ne? Kuma yaya zan yi ba tare da na ɓata da mutumin da ya yi mini komai a rayuwa ba?

Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba mutuminka lafiya. Ka kyauta da ba ka rubuto sunansa ba, kuma zan dawo kan roƙon da ya yi maka, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ka wuce ta kamar ba komai: "bai caje mu komai ba." Amsar tambayarka tana nan a ciki. Zauna ka lissafa abin da ake kashewa kafin mutum ɗaya ya bar ƙasarsa ya zo ya tsaya a bakin injinku. Sai an yi shela, an tantance, an gwada ko ya iya aikin, an duba lafiyarsa, an yi fasfo, an nemi biza da izinin aiki, an sayi tikitin jirgi, ya kwana a masauki yana jiran ranar tashi. Dillalin yana da ofis da yara da kuɗin lasisi, yana kuma da ƙananan dillalai a ƙauyuka, kowanne na jiran la'adarsa. Ninka wannan sau arba'in. Wa ya biya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ranar da Kawu yake murnar samun ma'aikata kyauta, a ranar ne aka miƙa wa mutum arba'in lissafin da ya kamata ya sauka a teburinku. Ba ku karɓa da hannunku ba, na yarda. Amma kuɗin da ba ku kashe ba yana nan kwance a cikin ribar bara, kuma daga gonar da aka jinginar ya fito.

Ba ina cewa kun zauna kun shirya zalunci ba ne. Haka kasuwar take tafiya, kuma sai ka gane ta kafin ka iya yi wa Kawu bayani. Masu neman aiki a ƙetare sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka abin da ke da daraja a wannan sana'a ba ma'aikaci ba ne, takardar neman ma'aikata ce wadda kamfani yake sa wa hannu ya buga mata hatimi. Ita dillalai suke rububi. Wannan ya ce zai rage kuɗin aikinsa, wancan ya ce kyauta zai yi, wani ma ya lallaɓo da ɗan hasafi ga wanda yake da ikon zaɓar dillali a kamfanin. Shi kuwa dillalin da ke son yin sana'arsa tsakani da Allah, ya caji kamfani ya ƙyale ma'aikaci, shi ne yake komawa gida hannu rabbana, don a takarda farashinsa ya fi na kowa tsada. Ka ga ashe mai ɗaukar aiki ne yake riƙe da bakin famfo. In ya ce zai biya, gyara ya fara daga sama. In ya ce araha yake so, nauyin zai yi ta gangarawa daga babban dillali zuwa ƙarami har ya tsaya a kan wanda ba shi da kowa a ƙarƙashinsa. Don haka ka bincika a hankali, wa ya kawo muku wannan dillalin, kuma ko akwai wanda aka shafa wa hannu a cikinku. In kai ne ma aka taɓa aiko wa da wani abu da sunan gaisuwa, ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu.

Wannan magana ba ra'ayina kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta rubuta a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta shekarar 1997 cewa kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu ba za su caji ma'aikaci kuɗi ba, kai tsaye ko a kaikaice, duka ko wani ɓangare. Sai dai yarjejeniyar ta bar wa gwamnatoci ƙofar yin togaciya, kuma ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, shi ya sa dokoki suka bambanta. Filifin, alal misali, ta hana a caji 'yan aikin gida, amma ta yarda a caji wasu ma'aikatan abin da bai wuce albashin wata ɗaya ba. Da dillalai suka riƙa sauya wa kuɗin suna, yau kuɗin fom, gobe kuɗin horo, jibi kuɗin gwajin lafiya, sai ILO ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar aiki na adalci a 2016, sannan a 2018 ta tara masana daga gwamnatoci da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago suka zayyana abin da ake nufi da kuɗin ɗaukar aiki: asibiti, inshora, jarrabawar ƙwarewa, horo, kayan aiki, sufuri da masauki, da kuɗin takardu irin su biza da izini. A watan Disamba na 2018, ƙasashen da suka hallara a Marrakesh ta Maroko suka sa wannan batu a matsayin manufa ta 6 cikin 23 na yarjejeniyar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manyan kamfanoni kuwa sun taƙaita shi a magana ɗaya da suke rubutawa a kwangilolinsu: wanda ya ɗauki aiki shi ke biya. Har ma'aunin da Majalisar take amfani da shi irin wanda ka yi amfani da shi ne ba tare da ka sani ba, wato albashin wata nawa ma'aikaci ya biya don ya sami aikin. Naku bakwai ne. Mutum ya yi fiye da rabin shekara yana aiki ba don kansa ba, ba don iyalinsa ba, ga ruwa yana hawa a kan uwar kuɗi kowane wata.

Yanzu ga abin da zai ɗan yi maka ɗaci. ILO tana da alamomi 11 da masu bincike suke dubawa in suna son gane aikin tilas. Na ƙirga huɗu a wasiƙarka ba tare da na wahala ba: yaudara kan albashi, riƙe takardun shaida, ɗaurin bashi, da aikin da ya wuce ƙima. Alama ba hukunci ba ce. Amma ka sani aikin tilas na wannan zamani ba sai da sarƙa ko bulala ba. Mutumin da ba zai iya barin aiki ba domin in ya bari gonar ubansa ta tafi, kuma ko ya so tafiya fasfonsa yana kulle a wurin wani, ba ya bukatar mai gadi. Ƙiyasin da ILO da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, kuma ɗan ci-rani ya ninka ɗan ƙasa fiye da sau uku wajen faɗawa ciki.

Ka tambaya ko kana da laifi. A kan abin da ya wuce, laifinka na rashin tambaya ne, kuma ba kai kaɗai ba ne, yawancin masu zama a irin kujerarka ba sa tambaya. Amma tun daga ranar da aka buɗe maka ledar nan lissafi ya sauya. Mako uku ke nan kana sane.

Fara da akwatin ƙarfen, domin shi ne a hannunka, kuma ba ya cin ko kwabo. Fasfo ba na kamfani ba ne, ba na dillali ba ne, kuma ƙasashe da yawa sun haramta riƙe fasfon wani a dokarsu. Ka tuna mabuɗin a aljihunka yake, ba a aljihun Kawu ba. In mai duba ma'aikata ya shigo gobe, kai za a fara tambaya. Ku sama wa kowa ƙaramin akwati mai mabuɗi a ɗakin kwanansu, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka damƙa wa kowa nasa ya sa hannu ya karɓa. In an zo sabunta izinin aiki, a karɓa da rasit, a mayar da zarar an gama. Wani zai ce a ajiye masa don yana tsoron ɓata. To a ajiye, amma da sharaɗin duk lokacin da ya nema, dare ko rana, ba sai ya faɗi dalili ba.

Kawu zai ce za su gudu. Ka tambaye shi mene ne yake sa mutum ya bar aikin da ake biyansa a kan kari ya shiga duniya ba takarda. Mafi yawa bashin ne. Albashin bai isa ya biya wanda ya ba shi bashi da ruwa ya kuma ciyar da gida ba, sai wani ya yi masa romon baka da aikin ɓoye mai ɗan ƙari. Wanda ya ƙudurta gudu ba fasfo ne zai tsai da shi ba, zai tafi ya bar muku shi, ya zama mara takarda a ƙasar da ba tasa ba. Riƙe fasfo ba ya hana gudu, yana dai hana tafiya ta mutunci. Kuma in biza a ƙasarku a ɗaure take da sunan kamfani, to igiyar da ke hannunku ta riga ta yi yawa, ba sai kun ƙara wata ba.

Sai binciken abin da kowa ya biya, kuma a nan nake so ka bi a sannu. Na taɓa zama a wani taro, ba zan faɗi inda ba, aka jera ma'aikata ana tambayarsu ko sun biya dillali. Na farko ya ce, "Ban biya komai ba, ina jin daɗin aikina." Na biyu ya faɗi haka. Na takwas ma haka, kalma da kalma, kamar yara masu biya karatu. Tafintan da ke fassarawa kuwa yaron dillalin ne, yana tsaye da littafi a hannu. Manajan ya rufe fayil yana murmushi. Daga baya, a bakin ƙofa, wani dattijo cikinsu ya ɗaga mini yatsu shida bai ce uffan ba. Akwai dillalan da ke ɗaukar ma'aikaci bidiyo kafin ya hau jirgi yana cewa bai biya ba, ko su sa shi ya sa hannu a takardar haka, sannan su gargaɗe shi cewa in ya yi magana za a mayar da shi gida da bashinsa a ka. Kuma kada ka manta ƙaramin dillalin yana can unguwarsu, ya san ƙofar gidansu.

Saboda haka kada ka yi taro. Kada ka yi amfani da tafintan dillali ko shugaban da dillali ya naɗa musu. Nemo wanda ke jin harshensu daga waje, a gana da kowa shi kaɗai, a fara da gaya masa cewa ba za a kore shi ba kuma ba za a kai sunansa wurin kowa ba. Kada a tambaye shi "ka biya kuɗin ɗaukar aiki?" don zai ce a'a, wani ma da gaskiyarsa, tunda ba da wannan suna aka karɓa ba. A ce masa ya ba da labarin tafiyarsa tun daga ranar da ya fara jin labarin aikin: wa ya fara gani, me ya ba shi, ina ya samo, wa ya biya asibiti, wa ya biya mota zuwa babban birni, nawa ne ya rage. Kuma kada ka ce sai da rasit. Dillalin da ke karɓar kuɗin haram ba ya rubuta rasit, in ya rubuta ma na ɗan abin da doka ta yarda ne. Kwamitin da ya shirya gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar ya ci karo da wannan matsala a wuraren gine-ginensa, sai ya juya nauyin hujja: ɗan kwangila ne zai nuna cewa shi ya biya kuɗin ɗauko ma'aikaci, in ya kasa, ya mayar wa ma'aikacin kuɗi ko da ba rasit. In ka ji mutum arba'in daban-daban, za ka ga alƙaluman waɗanda suka zo daga ƙasa ɗaya sun yi kusa da juna. Wannan shi ne rasit ɗinka.

Daga nan sai mai wuyar, wato mayar da kuɗi. Bakwai sau arba'in, albashin wata 280 ke nan in kowa ya biya kamar mutuminka. Na san za ka ja numfashi. Ba dole a biya rana ɗaya ba. A iya rarraba shi a kan watanni, a rubuta jadawalin, kowa ya san abin da zai samu da ranar da zai samu, a biya ta asusunsa, a ware shi daga albashi don kada ya zama alfarma. Wanda kwangilarsa ta ƙare kafin a gama a cika masa kafin ya tafi. Sannan ku bi dillalin ya amayo abin da ya ci, ta lauya in ta kama. Amma kada ku ce wa ma'aikata su jira sai kun karɓo daga dillali. Ku ne kuka zaɓe shi, ba su ba, kuma mai bin bashi da ruwa ba ya jiran shari'a.

Kada kuma ka yi gaggawar yanke musu ƙarin lokacin aiki kafin kuɗin ya fara shiga hannunsu. Na san faɗuwar mutumin nan ta girgiza ka, kuma dole a tsai da haɗa dare da rana tun yau, a koma iyakar da doka ta gindaya. Amma ka gane ba son inji ne ya sa yake roƙon aikin dare ba. In ka rage masa awoyi ka bar masa bashin, ka ƙara matse shi ne da sunan tausayi.

To yaya za a yi da Kawu? Kada ka je masa da wa'azi, kuma kada ka je a gaban mutane. Mutumin da ya gina masana'anta da guminsa, yake alfaharin bai taɓa riƙe albashin kowa ba, in ɗan da ya rena ya zo yana nuna masa cewa azzalumi ne, kunnensa zai toshe. Ka je masa a matsayin wanda ya gano ɓaraka a dukiyarsa. Nemo takardar da aka ba ma'aikatan a ƙasarsu, wadda ke ɗauke da albashin ƙarya. Sau da yawa da sunan kamfanin ake rubuta ta. Ka ajiye ta kusa da taku ta gaskiya a gabansa, ka ce, "Kawu, an sayar da sunanka ba ka sani ba. Ga abin da aka yi alkawari da bakinka." Wannan gaskiya ce, ba dabara ba, kuma ita ce za ta taɓa shi, domin dillalin ya ci ma'aikata ya kuma ci mutuncinsa.

In ya ce kuɗin ya yi yawa, ba shi labarin Top Glove. Kamfanin Malesiya ne, mafi girma a duniya wajen yin safar hannu ta asibiti. A watan Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta sa duniya ke neman safar hannu ruwa a jallo, hukumar kwastan ta Amurka ta hana kayan wasu rassansa shiga ƙasar saboda alamun aikin tilas, a ƙarƙashin wata doka ta 1930 da ta haramta shigo da irin waɗannan kaya. Ba a ɗage takunkumin ba sai watan Satumba na 2021, bayan kamfanin ya biya ma'aikatansa 'yan ci-rani fiye da dala miliyan 30 ya kuma gyara musu wurin kwana. Kamfanin Apple mai yin wayoyi tun 2015 ya hana masana'antun da ke masa aiki barin ma'aikaci ya biya kuɗin ɗauka, kuma wanda aka kama shi ke mayarwa. Tarayyar Turai ta zartar da tata dokar ta hana kayan da aka yi da aikin tilas a 2024, za ta fara aiki a ƙarshen 2027. Ko ba ku fitar da kaya waje, mai saye a hannunku wataƙila yana fitarwa, kuma ranar da nasa mai sayen ya turo masu bincike, har ɗakin kwanan ma'aikatanku za su leƙa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi kuma dillalin, kada ku sallame shi cikin fushi kafin takardun mutanen nan su dawo hannunku gaba ɗaya, kuma kafin ku tabbata ba shi da wata hanyar huce haushi a kan iyalansu. Amma kada ka sake sa hannu a takardar neman ko mutum ɗaya ta hannunsa. Nan gaba, duk dillalin da ya ce kyauta zai yi, ku gode masa ku raka shi ƙofa. Ku nemi mai lasisi a ƙasashen biyu, ya rubuto muku farashi dalla-dalla, ya kuma lissafa sunayen ƙananan dillalan da yake aiki da su. Hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana da tsarin tantance dillalai mai suna IRIS, ƙa'idojinsa za su nuna maka tambayoyin da ya kamata ka yi. A rubuta a kwangila cewa duk abin da aka karɓa a hannun ma'aikaci dillali ne zai mayar, kuma ku riƙe wani kaso na kuɗinsa sai an gana da ma'aikatan bayan sun iso. Takardar aiki kuwa ta fito daga ofishinka, cikin harshen da mutum yake karantawa, ta isa hannunsa kafin ya bar gida, kuma kai da kanka ka yi magana da shi ta waya ko bidiyo ka faɗa masa albashin da bakinka, ka ce masa aikin nan ba a biyan kuɗi a kansa, ga lambar da zai kira in an nema.

Idan ka yi duk wannan Kawu ya kafe, to ka rarrabe abin da ke ikonka da wanda ba ya ikonka. Ba za ka iya fitar da kuɗi daga asusunsa ba. Amma za ka iya cewa cikin ladabi ba za ka ci gaba da riƙe mabuɗin akwatin ba, ba kuma za ka sa hannu a sabuwar takarda ba. Ka ga lauyan ƙwadago don ka san inda dokar ƙasar ta tsaya da kai kanka. Ka kuma tabbata ma'aikatan sun san inda ofishin ƙwadago yake, da ofishin jakadancin ƙasarsu, da ƙungiyar ma'aikata in akwai. Sanar da mutum haƙƙinsa ba cin amanar kamfani ba ne. Ba na jin za a kai nan. Wanda ya ɗauki ɗan 'yar'uwarsa ya yi masa makaranta ba mara zuciya ba ne, bai dai taɓa ganin takardar cikin ledar ba.

Ita ma kada ka nuna masa ita. Wannan shi ne roƙon da na ce zan dawo kansa. Kowa a masana'antar ya san wa ya faɗi, kowa ya san wa ya kai shi asibiti, kuma in maganar bashi ta tashi mako uku bayan haka, dillalin ba sai an gaya masa ba. Saboda haka ka koma wurin mutumin kafin ka motsa, ka faɗa masa abin da kake shirin yi, ka ji tsoronsa, domin ya fi ka sanin wanda ake tsoro. Ka sa binciken ya fito a matsayin abin da ofis ya tsara wa kowa, ka fara ganawar da wasu, shi ya zo a tsakiya. Takardar albashin ƙarya da za ka kai wa Kawu ka samo ta daga mutum uku ko huɗu, ka rufe sunaye. Kuma ka duba a littafin albashi ko an yanke masa kwanakin da ya yi a kwance. In an yanke, mayar masa a wannan watan.